Tambayoyin Fasaha: Wasan Yashi da Ruwa da Ba a Cin Kowa a Cikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubutowa ne daga Katsina. Ɗana mai shekara 11 yakan karɓi wayata ya buɗe wani wasa mai suna Sandspiel, sai ya yi ta zuba yashi da ruwa da yatsa, ya jefa iri, tsiro ya fito. Babu harbi, babu maki, babu wanda ya ci wani, amma yakan shafe sa'a guda a kai. Shin bidiyo ne aka ɗauka aka ajiye a ciki, kuma me ya sa wayar ke yin zafi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike gani ba bidiyo ba ne, wayar ce ke lissafa shi nan take, shi ya sa zubi biyu ba sa taɓa fitowa iri ɗaya. Wani mai tsara manhaja, Max Bittker, shi ya fitar da wasan a 2018, sunan kuwa daga Jamusanci yake, ma'anarsa wasan yashi. An gina shi a kan tsarin da masana lissafi ke kira selula otomata. Ki ɗauka fuskar wayar fili ce da aka yanka ƙananan gidaje kamar na dara, kowane gida yana ɗauke da abu ɗaya tak, ko yashi, ko ruwa, ko tsiro, ko kuma fanko ne. Babu gidan da ya san abin da ke faruwa a sauran filin. Maƙwabtansa na kusa kawai yake dubawa, sannan ya bi ƙa'idar da aka gindaya masa.

Ƙwayar yashi, alal misali, tana duba gidan da ke ƙarƙashinta. Idan fanko ne ta faɗa, idan a cike yake ta gwada gefen ƙasa na dama ko na hagu, idan duk sun toshe ta tsaya. Ba wanda ya zana tarin yashi a cikin wasan, amma ƙwayoyi dubu na bin wannan ƙa'ida sai ki ga tsibi ya tashi da gangararsa, kamar wanda tifa ta juye a bakin gini. Ruwa yana da ƙarin izinin tafiya gefe da gefe, don haka yake shimfiɗewa ya cika rami. Tsiro yana mayar da ruwan da ya taɓa ya zama tsiro, wuta tana cin tsiron, narkakken dutse kuma in ya haɗu da ruwa sai ya daskare. A ganina natsuwar da ke cikin wasan daga nan take fitowa: mai wasa yana zuba abu ne kawai ya ja da baya, sauran aikin maƙwabtaka ce ke yi.

Batun zafi kuwa, lissafi ne. Idan filin yana da gida 300 a tsaye da 300 a kwance, gidaje 90,000 ke nan, kuma idan ana sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa, wayar na duba gida fiye da miliyan 5 a kowace daƙiƙa, ba hutu. Wannan ne ke ɗumama ta ya kuma zuƙe batir. Data ba ta tafiya sosai, domin bayan shafin ya buɗe lissafin a cikin wayar ake yin sa, sai dai in yaron ya shiga ɓangaren da ake kallon abin da wasu suka zana suka ɗora. Wannan ɓangaren ne nake so ki sa wa ido, tunda kowa na iya ɗora zanensa. Kada a yi wasan wayar tana caji, a cire mata kwandon baya in ta ɗau zafi, a kuma rage hasken fuskarta. A burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, wasan yake buɗewa, saboda haka ba ki da bukatar sauke wani fayil da aka turo ta WhatsApp da sunansa.

Idan yana son abin da ya fi kama da halittu, Max Bittker ɗin nan ya yi wani mai suna Orb.Farm, wanda tulun gilashi ne da ake zuba wa yashi da ruwa da gansakuka da ƙananan ƙwarin ruwa da kifi. Ƙwarin na cin gansakuka, kifi na cin ƙwarin, kuma wanda ya cika kifi ba tare da isasshen tsiro ba zai ga iskar shaƙa ta yi ƙasa.

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Damagaram, kuma ba mu da isassun kwamfutoci. Ko akwai hanyar da zan nuna wa ɗalibai wannan tsari ba tare da na'ura ba?

Amsa: Akwai, Malam, kuma asalin abin ma ba a kwamfuta aka fara shi ba. Stanislaw Ulam da John von Neumann ne suka soma tunanin a Amurka a shekarun 1940, amma wanda ya fito da shi fili shi ne John Conway na Jami'ar Kambirij a Ingila, da wasansa Game of Life, wanda Martin Gardner ya bayyana a mujallar Scientific American ta watan Oktoban 1970. Conway da abokansa da duwatsun wasa a kan allo suka riƙa gwada shi da hannu.

Kowane gida yana da maƙwabta 8, har da na kusurwa. Gida mai rai da ke da maƙwabta masu rai 2 ko 3 zai ci gaba da rayuwa, in sun gaza haka ko sun zarce ya mutu. Gida fanko da ke da maƙwabta masu rai 3 cif sai rai ya shige shi. Ƙa'idar ke nan gaba ɗaya.

Ka sa ɗalibai su zana gidaje 10 sau 10 a ƙasa, domin gidajen dara 30 sun yi kaɗan, sannan su jera tsakuwa 3 a kwance, irin jerin da ake ci da shi a dara. Ta tsakiya tana da maƙwabta 2, za ta tsira. Na gefe biyu kowacce maƙwabci 1 gare ta, za a ɗauke su. Gidan da ke saman ta tsakiya da wanda ke ƙasanta kowanne yana taɓa duka ukun, za a sa musu tsakuwa. Jerin ya koma tsaye, a zagaye na gaba kuma ya sake kwanciya, haka zai yi ta juyawa. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya ɗauke tsakuwa tun kafin a gama hukunta sauran gidajen, alhali dole a yanke wa kowane gida hukunci bisa tsohon tsari, sannan a sauya duka lokaci guda. Zana fili biyu yana magance wannan: a karanta daga na farko, a jera a na biyu. Idan hannunsu ya faɗa, ka ba su siffar nan mai tsakuwa 5 da ake kira gilaida: 3 a jere a ƙasa, 1 a saman ta ƙarshen dama, 1 kuma a layi na uku daidai saitin ta tsakiya. Bayan zagaye 4 za ta dawo da kamanninta, amma ta matsa gida ɗaya ta kusurwa.