Na ga giwa ido da ido, amma ta ƙi fitowa a zane

Tambaya: Malam, ina ɗan taɓa zane da fenti. Kwanakin baya a gandun daji wata giwa ta fito daga cikin itatuwa ta tsaya gaban motarmu, tsakaninmu bai fi taku goma ba, ta baza kunnuwa tana kallonmu. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Sau uku ina zana ta daga hoton da na ɗauka da waya, kullum sai ta fito kamar abin wasan yara. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, hoton nan shi ya fara cutar ka. Kyamarar waya fili mai faɗi take kwasowa, ta tura abin da ke gabanka can nesa, sai giwa ta koma zomo a tafin hannunka. Abin da ya tayar maka da tsigar jiki ba ya cikin hoton, yana cikin kanka. Ajiye wayar tukuna, ka ɗauki gawayi da takarda, ka tuna abin da idonka ya fara kamawa. Wanda giwa ta tsaya masa a taku goma bai ga wutsiyarta ba. Goshi ya gani ya tare masa sama, da kunne kamar ƙofa, da ɗan ƙaramin ido mai dogayen gashi. To wannan za ka zana. Toron giwar Afirka yakan haura mita 3 a kafaɗa, nauyinsa ya kai tan 6, ka ga ke nan ɗaga kai ka yi kafin ka kalle ta. Saukar da layin ƙasa can gindin allo, ka bar kunne ɗaya ya fice ta gefe, allon ya yi mata kaɗan yadda idonka ya yi mata kaɗan a ranar.

Daga nan sai ƙira, kuma a nan hoton zai yi maka amfani. Gadon bayan giwar Afirka lotsawa yake a tsakiya, na giwar Asiya kuwa tudu ne, kunnuwanta ma ƙanana. Bakin hancin ta Afirka yatsu biyu gare shi, ta Asiya ɗaya. Hancin nan ba ƙashi a cikinsa ko kaɗan, tsoka ce zalla, don haka kada ka ja shi a sandare kamar bututu. Ka ba shi kauri daga goshi, ya riƙa sirancewa, ya yi nauyi yana rataye. Ƙafa kuma a kan yatsu take takawa, da matashin kitse a ƙarƙashi, shi ya sa take baje idan ta ɗau nauyi, ta tsuke idan ta ɗaga.

Launi ne ya fi ba ni takaici a zanen masu koyo. Sai a haɗa baƙi da fari a shafe dabbar da toka-toka. Giwa launin ƙasar da take wanka da ita take ɗauka. Na Tsavo a Kenya jajaye ne saboda jar ƙasar wurin. Ni da ruwan ƙasa da shuɗi nake haɗa duhuna, in sa ɗumi inda rana ta bugi kafaɗa, in sa shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin ciki. Tamojin fata kuwa kada ka ce sai ka ƙirga su. Ka tsananta su a gindin hanci da kewayen ido, sauran jiki ka bar burushi ya wuce da faɗi.

Abu ɗaya nake roƙon ka da shi: ka zana giwar da ka haɗu da ita, ita kanta. Masu binciken giwayen gandun dajin Amboseli a Kenya, aikin da masaniyar giwaye Cynthia Moss ta soma a 1972, da yagewa da hujin kunne suke bambance kowace giwa. Haure ma ɗaya yakan fi ɗaya cinyewa, don kowace tana da ɓangaren da ta fi aiki da shi. Buɗe hoton naka ka matso da kunnen sosai, ka nemo yagewar, ka sa ta daidai inda take.

In ka koma daji, baza kunnuwan nan gargaɗi ne, kada son zane ya sauko da kai daga mota. Riƙe ƙaramin littafi a cinya, ka yi zane-zane na rabin minti: layin baya, lanƙwasar hanci, inda inuwa ta faɗi.