Bidiyo kaɗai ba ya isar ɗalibai, Malama

Malama, kin ce kina ɗora darasi a bidiyo, amma rabin ajinki ba sa buɗewa, su zo aji ba su san inda aka kwana ba. Ba lalaci ba ne, yawanci data ce. Ɗalibin da ke Gwadabawa ko Illela, wayarsa ƙarama, ga cajin ma sai an kai shago, bidiyon minti talatin ya fi ƙarfinsa.

Ni ga yadda nake yi. Darasi ɗaya, nakan fitar da shi sau uku: saƙon murya na minti biyar a WhatsApp, taƙaitaccen rubutu a PDF shafi ɗaya, sai gajeren bidiyo idan akwai abin da sai ido ya gani, kamar zanen lissafi a allo. Muryar ce suka fi saurara, wallahi, har a cikin keke napep. Ranar haɗuwa a aji kuma tambayoyi muke yi, ba maimaici ba.

Ki kiyaye kada bayanin ya sha bamban tsakanin ukun, yara za su rikice. Kada kuma ki ɗauki hoton rubutun hannu ki tura, ba ya karantuwa.

Idan kina da ɗalibi makaho ko kurma, ki tuntuɓi malaman makarantar A.A. Raji da ke nan Sakkwato, wannan fanninsu ne.