Tambaya da Amsa: Shin Babbar Riga Za Ta Shiga Ɗakin Cin Abincin Jirgin Ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Ya'yanmu sun haɗa kuɗi sun biya mini da maigidana tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a Tekun Bahar Rum, domin taya shi murnar yin ritaya daga aikin gwamnati. Jirgin zai tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen a watan Mayu. A takardun da aka aiko mana an rubuta cewa akwai dararen da ake son kowa ya yi shigar alfarma kafin ya shiga ɗakin cin abinci. Alhaji bai taɓa sa kwat ba, kuma ya ce ba zai fara da furfura a kansa ba. Ni kuma ba na fita sai da mayafi. Shin za a hana mu shiga? Me ya kamata mu kai ɗinki?
Daga wata Hajiya, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ki kwantar wa Alhaji da hankali, babu wanda zai tilasta masa sa kwat, kuma babu wanda zai tare ki a ƙofa saboda mayafi. Kayan da kuke sawa zuwa ɗaurin aure ko hawan Sallah sun cika ƙa'idar da aka rubuta muku, har da rara.

Wannan al'ada ta ado kafin cin abincin dare gado ce daga manyan jiragen fasinja na da, waɗanda suka riƙa zirga-zirga tsakanin Ingila da Amurka kafin jirgin sama ya karɓe kasuwa. Kamfanin Cunard ya fara wannan jigila tun 1840, kuma daga baya ya zama abin da aka saba cewa fasinjojin babban aji su sauya kaya kafin su zauna a teburi. Kakanninmu ma sun ga irin wannan tsari, domin jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi ta ɗaukar ɗalibai da ma'aikata da 'yan siyasar Najeriya tsakanin Legas da Ingila daga 1951 har farkon shekarun 1970. A al'adar Turawan Ingila ɗin kanta, katin gayyatar babbar liyafa yakan ba baƙo zaɓi tsakanin baƙar kwat da tufafin ƙasarsa, shi ya sa za ki ga mazan Sukotlan da ɗan zanen nan nasu mai tsayawa a gwiwa, matan Indiya kuma da sari, kowa na cin abincinsa ba tare da an ɗaga masa gira ba. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura, to amma a nan masu garin ne da kansu suka ce kowa ya zo da irin tasa.

A tafiyar kwana bakwai, dararen ado ba su cika wuce biyu ba, wani jirgin ma ɗaya yake yi. Ba a sa su a daren farko, domin akwatunan da aka karɓa daga hannunku a tasha kan kai yamma ko ma dare kafin su iso ƙofar ɗaki, kuma ba a cika sa su a daren ƙarshe ba, domin a lokacin kowa na haɗa kaya. Sau da yawa ana zaɓar ranar da jirgi ya wuni a tsakiyar teku bai tsaya a wani gari ba. Kullum za a ajiye muku takardar shirye-shiryen gobe a ɗaki, ko a sa ta a manhajar kamfanin ta waya, kuma a cikinta ake faɗin irin shigar da ake so a daren. Ƙa'idar tana fara aiki ne da yamma, wajen ƙarfe shida, kuma ta fi shafar babban ɗakin cin abinci, inda ma'aikata ke kawo wa mutum abinci har teburinsa. Sauran dararen kuwa abin da ake nema kawai shi ne mutum ya fito tsaf, wato ban da gajeren wando, da singileti, da kayan ninkaya, da silifas na roba.

Bari in fara da Alhaji, tunda shi ne ya yi tsayin daka. Babbar riga ɗaya ta shadda, da 'yar ciki da wandonta, mai aiki mai kyau irin na Zariya, ta ishe shi daren ado na farko. A dare na biyu ina ganin kaftani mai ɗinkin hannu a wuya ya wadatar, kuma zai fi jin daɗinsa, domin teburan jirgi a matse suke, ma'aikata na wucewa ta bayan kujera da faranti, mai babbar riga kuma yakan ƙare abincinsa yana ta naɗe hannun riga a kafaɗa. Haka nan matakalar jirgi da iskar da ke kaɗawa a saman bene ba sa ɗasawa da riga mai faɗi. Ya sa hularsa, ko zanna ce ko kube, ya kafa ta yadda ya saba. Idan kun ga an rubuta cewa ba a shiga da hula, to hana-sallah ake nufi da makamantanta, hular da ta zo tare da kaya kuwa wani sashe ce na shigar. Jallabiya ita ce nake ba da shawarar a bar wa ɗaki da lokutan salla.

Inda mazanmu suka fi yin sakaci shi ne ƙafa. Mutum zai sa shadda ta dubban nairori, sannan ya zura takalmi mai buɗaɗɗen baya ya fito, kuma a Kaduna babu mai ganin laifinsa. A jirgi ma'aikacin da ke tsaye a ƙofa ba lalle ya san darajar shadda ba, amma ya san yatsun ƙafa idan ya gan su. Saboda haka Alhaji ya tafi da sau-ciki na fata guda ɗaya, baƙi ko ruwan ƙasa, da safa, wanda zai shiga da duk kayansa na dare.

Ke kuma, Hajiya, zaɓinki ya fi nasa yawa, domin abin da ake nema ga mata a irin wannan dare shi ne doguwar riga ta fita biki, wadda ita ce shigarmu ta kullum. Leshi ɗaya da shadda ɗaya, ko atamfa mai tsada da aka yi wa ɗinki mai kyau, sun cika dararen biyu. Idan za ki kai sabon ɗinki Kasuwar Barci ko wajen telanki na unguwa, ki ce a yi miki doguwar riga ko riga da siket maimakon zani, kuma a rage tsawon kada ya ja ƙasa, domin za ki yi ta hawa da sauka a wuri mai ɗan motsi. Lafaya ba ta da nauyi a akwati kuma ba ta neman guga sosai, sai dai iska na wasa da ita, don haka ki tanadi fil ko 'yan maƙalai. Mayafi mahaɗin kaya, wanda aka yane kai da shi sosai, ya fi dacewa da teburin liyafa a kan dogon hijabi har ƙasa. Wannan ra'ayina ne kawai, babu dokar jirgi da ta hana hijabin. Abaya mai duwatsu ma tana shiga sosai. Gwaggwaro mai tsayi kuwa zai tare wa na bayanki gani idan kuka wuce ɗakin wasanni bayan cin abinci. Ki zaɓi takalmi mai gajeren dunduniya, ki kuma riƙe mayafi mai kauri ko suwaita, domin na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa a cikin jirgi, kuma daren watan Mayu a kan teku yana da sanyi ga wanda ya baro zafin Kaduna. Gwal kuma sarƙa ɗaya da 'yan kunnenta sun isa, akwai ƙaramin akwatin ajiya mai lambar sirri a cikin ɗaki.

Akwai abu guda da ya shafi mai sa niƙabi. Jiragen da ke tashi daga Basalona da yawansu suna tsayawa a Marsai ta ƙasar Faransa, kuma tun 2011 dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Mayafi da hijabin da suka bar fuska a buɗe ba su shiga cikin wannan dokar ba. A ƙofar jirgi ma, duk shiga da fita ana duba fuskar mutum da hoton da ke haɗe da katinsa.

Matsalar da za ta fi ba ku aiki ita ce kula da kayan bayan kun shiga. Ba a yarda fasinja ya shiga jirgi da dutsen guga ba, kuma idan na'urar bincike ta gano shi a akwati za a ƙwace a ajiye sai ranar sauka, saboda babu abin da masu jirgi ke tsoro kamar gobara a tsakiyar teku. Wasu jiragen suna da ɗakin wanki da fasinja zai iya yin guga da kansa, wasu kuma sai dai a ba ma'aikata a biya. Don haka a kai shaddar Alhaji wajen masu bugu ko mai wanki da guga kwana biyu kafin tafiya, a bar ta a ninkin da aka yi mata, a sa ta a saman akwati, kuma da zarar akwati ya iso ɗaki a rataye ta. Dabarar nan ta rataye kaya a banɗaki domin tururin ruwan zafi ya warware su tana yi wa yadi da abaya amfani, amma tana kashe sitacin shadda. Idan ya zama dole a ba ma'aikata, ki rubuta a takardar cewa guga kawai ake so, domin shaddar da ta shiga injin wanki da wuya ƙyallinta ya dawo.

Dalilin da ya hana dutsen guga shi ya hana turaren wuta, da kasko, da gawayi, da kyandir. Kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi, kuma ba ta bambanta ƙamshi da gobara. Ki turara kayanku a gida, ki ƙulle su a leda mai zif, ƙamshin zai kai ku har ƙarshen tafiya. Humra da turaren fesawa su shiga babban akwati, tunda a yawancin filayen jirgin sama ba a barin kwalba mai fiye da mililita 100 a jakar hannu. Ki kuma tuna cewa akwatin jirgin sama yawanci kilo 23 ne, ɗakin jirgin ruwa kuma ƙarami ne, saboda haka kaya biyu na ado, da huɗu ko biyar na yau da kullum, da takalmin tafiya mai taushi, sun ishi kowannenku. Idan jirgin ya tsaya kusa da birnin Rum na Italiya kuka je Batikan, fadar Fafaroma, ana buƙatar rufe kafaɗa da gwiwa kafin shiga babbar majami'ar, abin da shigarku ta riga ta cika.

TAMBAYA: Ni da amaryata za mu shiga jirgin ruwa daga Dubai a watan Janairu. Ni dai hutu zan je, ba na son ɗawainiyar ado. Zan iya wucewa da wandon jins da riga mai kwala duk tsawon tafiyar?
Daga wani ango, Barnawa, Kaduna.

AMSA: Malam ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Za ka iya, amma ya danganta da kamfanin da ka biya. Norwegian ya yi suna wajen sakar wa fasinja mara a kan shiga, MSC da Costa da Royal Caribbean kuma suna da dararen ado amma ba su cika tsanantawa ba, yayin da Cunard ke riƙe da tsohon tsari, har yakan taƙaita wuraren da wanda bai yi shigar ba zai zauna da dare. A yawancin jirage akwai wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka, inda babu ruwan kowa da adonka, kuma za ka iya sa a kawo muku abinci ɗaki. Wandon jins mai duhu wanda ba yagagge ba, da riga mai kwala, suna shiga babban ɗakin cin abinci a dararen da ba na ado ba a yawancin jiragen.

Duk da haka ba zan goyi bayanka gaba ɗaya ba. A daren ado ne masu ɗaukar hoto na jirgi ke kafa kayansu, a nan ne kuma kyaftin yakan fito ya gaisa da fasinjoji, kuma ina kyautata zaton amarya ba ta cika akwatinta da kayan lefe domin ta ci abinci a ɗaki ba. Ka ɗauki kaftani biyu daga cikin na bikinku, ɗaya ya kasance fari, domin jiragen MSC da Costa sukan ware daren da kowa ke sa fararen kaya. Janairu lokacin sanyi ne a yankin Dubai da Doha, don haka ka haɗa da rigar sanyi marar nauyi saboda zama a saman bene. Idan jirgin ya tsaya a Abu Dabi kuka nufi Masallacin Sheikh Zayed, dogon wando ake so a gare ka, amarya kuma ta rufe kai da hannuwa har wuyan hannu. Wanda yake son jirgin da aka tsara tun farko bisa al'adar Larabawa, akwai Aroya na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a watan Disamba na 2024.

Ka sa kaya ɗaya na sauyi a jakar hannu ranar shiga, saboda jinkirin akwati. A daren ƙarshe kuma za a ce ku fito da akwatunanku bakin ƙofa kafin ku kwanta, ma'aikata su kwashe su cikin dare, ba za ku sake ganinsu ba sai a tasha, don haka ku ware kayan da za ku sa da safe, da takalma, da fasfo, kafin ku rufe zif.