Gel ɗin masu abincin biki zai yi girki idan gas ya ƙare?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce ko wannan gel ɗin gwangwani da masu abincin biki ke kunnawa ƙarƙashin farantan ƙarfe zai miki girki idan gas ya ƙare ko kun fita waje. Eh zai yi, amma fa kar ki sa ran tuwo ko wake, wutarsa ba ƙarfi, don ɗumama abinci aka yi shi. Shayi, indomie, soya ƙwai, ɗumama miya duk zai yi, sai dai haƙuri. Ƙaramin gwangwani yakan kai kamar awa 2.

Ki jera duwatsu uku ki ɗora tukunya mara kauri, ta ɗan yi sama da bakin gwangwanin kaɗan, ki rufe ta sannan ki kare iska don ita ke kwashe zafin.

Abin da ya fi damuna shi ne da rana harshen wutar shuɗi ne ba ya ganuwa sosai, yaro sai ya kai hannu, don Allah ki sa ido. Da murfinsa ake kashewa, banda hurawa. Wasu da methanol ake yinsu kuma guba ne, ki ɓoye wa yara, in a ɗaki ne ki buɗe taga.