Tambaya da Amsa: In Karɓi Kuɗin Sallama Ko In Zauna A Gidan Jarida?

Wasiƙu uku na wannan makon duk a kan magana ɗaya suke: gidan jarida na son rage ma'aikata, sai ya yi tayin cewa duk wanda ya yarda ya ajiye aiki don kansa za a ba shi kuɗin sallama.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 52, na yi shekara 18 ina tace labarai a wata jarida mai fita kullum. An ce duk wanda ya amince ya tafi za a ba shi albashin mako biyu a kan kowace shekarar da ya yi. Kuɗin sun ba ni sha'awa, amma ina da 'ya'ya a makaranta. In karɓa? — Wani mai tace labarai

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, ka daina kallon kuɗin a dunƙule, domin dunƙulallen kuɗi yana ruɗar ido. Ka mayar da shi watanni. Shekara 18 sau mako biyu ya ba da mako 36, wato wata takwas da 'yan kwanaki. Abin da aka miƙo maka ke nan: albashin wata takwas, daga nan shiru.

Wata takwas ɗin ma ba cikakku ba ne. A ƙasashe da yawa ana cire haraji daga kuɗin sallama kamar albashi, kuma da yake a shekara ɗaya za su shigo tare da albashin da ka riga ka karɓa, suna iya tura ka matakin haraji na sama. Dokar ta bambanta: a Birtaniya, alal misali, fam 30,000 na farko na kuɗin rage ma'aikata ba a cire musu haraji. Ka nemi ofishin albashi ya rubuta maka abin da zai shiga asusunka bayan an cire komai. Sannan ka lissafa abubuwan da kamfani ke ɗauke maka ba ka ji: inshorar lafiyar iyali, kason da yake zuba maka a fansho, waya, intanet, kwamfuta. Ranar da ka miƙa katin shaidar aiki duk sun dawo wuyanka. Idan ka raba abin da ya rage da kuɗin da gidanka ke ci a wata, kada ka yi mamaki in wata takwas ya koma shida. To, ka tambayi kanka tsakani da Allah: mai tace labarai ɗan shekara 52 zai samu aiki mai albashi kusa da wannan cikin wata shida? Idan akwai wanda ya yi maka alkawari, a rubuce yake ko a baki?

Akwai lissafi na biyu wanda mutane suka fi mantawa da shi, kuma a ganinmu ya fi na farko muhimmanci. Nawa za a ba ka idan ka ƙi tayin, daga baya aka sallame ka dole? Wannan yana cikin takardar ɗaukarka aiki, ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata, ko dokar ƙwadagon ƙasarku. Idan sallamar dole mako ɗaya ce a kan kowace shekara, to ribar tafiya da son rai mako 18 ce kawai. Idan kuma duka biyun mako biyu ne, tayin bai ƙara maka komai ba, zama ya fi, domin kowane watan da ka ƙara albashi ne ya shigo, kuma kuɗin sallamar na nan suna jiranka, muddin kamfanin yana da abin biya a lokacin.

Wannan "muddin" ɗin shi ne wurin da za ka buɗe ido. Kai da ke cikin gidan ka fi mu ganin alamun: an rage kwanakin bugu ko yawan shafuka, an sayar da gini ko injin maɗaba'a, albashi ya fara wuce ranarsa, ana cire kuɗin fansho amma ba ya bayyana a asusunka, ko sabon mai kamfani ya saye shi da bashi. Idan uku daga cikin waɗannan sun haɗu, tayin yau ya fi alkawarin gobe, kuma sau da yawa in aka sake yin tayi zagaye na biyu, ba ya kai na farko tsoka. Idan ka yanke shawarar karɓa, ka nace a biya ka gaba ɗaya lokaci guda. Biyan kashi-kashi na nufin ka zama mai bin kamfani bashi, kuma in ya durƙushe, bankunan da ke riƙe da jinginar kadarorinsa ne a gaban layi. Manyan gidaje ma suna faɗuwa: kamfanin Tribune, wanda a lokacin yake da Chicago Tribune da Los Angeles Times, ya shiga kotun fatara a Disamban 2008.

Ba za mu ɓoye maka ba, kujerar da kake kai tana cikin waɗanda aka fi taɓawa. A 2017 New York Times ta yi irin wannan tayi musamman ga editoci, ta rushe teburin masu tace labarai mai zaman kansa. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridun Amurka sun ragu daga kimanin 71,000 a 2008 zuwa kimanin 31,000 a 2020. Dalilin sananne ne: kuɗin talla, wanda shi ke riƙe da jarida, ya koma hannun Google da Facebook da shafukan ƙananan tallace-tallace. Saboda haka ka je wurin babban edita, kai da shi kaɗai, ka tambaye shi kai tsaye ko kujerarka na cikin sabon tsarin. Ba lallai ya faɗi gaskiya duka ba, amma yadda zai kauce wa tambayar ma amsa ce.

Kafin ka sa hannu, duba fanshonka. Wasu tsare-tsaren suna da shekarun aiki ko na haihuwa da in ka kai su haƙƙinka ke ƙaruwa sosai. In saura wata goma ka cika irin wannan sharaɗi, ka roƙi a ɗaga ranar tafiyarka, ko a lissafa maka watannin. Ana yarda da irin wannan fiye da yadda ake yarda da ƙarin kuɗi.

Tambaya: Shekara huɗu na yi ina aiko da rahotanni. Abin da zan samu bai fi albashin wata biyu ba, amma na gaji, kuma ina ganin zan iya aiki da kaina. — Wata wakiliya

Amsa: Malama, wata biyu ba jari ba ne, don haka kuɗin ba su isa su zama dalilin tafiya ba. Ɗan jarida mai zaman kansa yakan jira wata ɗaya zuwa uku bayan an buga aikinsa kafin a biya shi, wani lokaci sai ya yi ta bibiya. Kuɗin sallamar naki na iya ƙarewa kafin kuɗin aikinki na farko su shigo. In kina da takardar ɗaukar aiki daga wani wuri a hannu, karɓi sallamar ki tafi, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In babu, ki zauna ki nemi aiki kina kan aiki, kada ki saki reshe ki kama ganye. Sai dai ki sani gidan da za ki zauna a cikinsa zai canja. Shafukan da mutum ashirin ke cikawa, sha biyar ne za su cika su, kuma waɗanda ke saurin karɓar tayi galibi su ne ƙwararrun da ke da wurin zuwa, wato waɗanda kike koyo a wurinsu. Alherin da ke ciki shi ne fagage na buɗewa: in wakilin kotu ko na majalisa ya tafi, ki nemi gurbinsa tun kafin a raba, kuma ki nemi a rubuta sabon matsayin da albashinsa.

Tambaya: An ba mu takarda mai shafi tara, an ce mu sa hannu cikin mako biyu. Me ya kamata in duba a ciki? — Wani mai ɗaukar hoto

Amsa: Malam, kada ka sa hannu sai lauyan da ya san dokar ƙwadago ko wakilin ƙungiyarku ya karanta. Kuɗin lauya na awa ɗaya ko biyu ba komai ba ne a kan abin da za ka iya sarayarwa. Jigon takardar shi ne ka yafe duk wata ƙara da za ka iya kai kamfanin, kuma wannan yafewar ce ake saye da kuɗin. Don haka duk abin da kake bi, bashin albashi, alawus na tafiye-tafiye, kuɗin hutun da ba ka je ba, a jera shi daban da adadinsa. Waɗannan haƙƙinka ne ko ka karɓi tayin ko ka ƙi. Kada a cusa su cikin kuɗin sallama don adadin ya yi kauri.

Wa'adin ma ka bincika. A Amurka, dokar 1990 mai kare ma'aikata 'yan shekara 40 zuwa sama ta ba su kwana 45 su yi nazari idan tayin na rukuni ne, da kwana bakwai na janyewa bayan sa hannu. A Birtaniya irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure ma'aikaci sai ya samu shawarar lauya ko wani mai ba da shawara mai zaman kansa. Wasu ƙasashen ba su da wannan kariya, amma neman ƙarin mako ɗaya a rubuce ba laifi ba ne.

Kai da hoto ne sana'arka, sakin layin haƙƙin mallaka ya fi shafarka. Hotunan da ka ɗauka a bakin aiki yawanci na kamfani ne. Ka nemi izini a rubuce na nuna su a kundin ayyukanka, kuma a fayyace wa ke da waɗanda ba a taɓa bugawa ba. Kyamara da gilasanta fa, na wa ne? Wasu gidajen suna sayar wa mai tafiya kayan aikinsa da rahusa in ya tambaya. Duba kuma ko an hana ka aiki da wata jarida na wani lokaci, ko sayar wa gidan da ka bari hoto daga waje, domin tsohon gidanka shi ne zai iya zama mai sayenka na farko. Sharaɗin hana sukar kamfani shi ma a rage faɗinsa, kada ya hana ka aikin jarida a kan masu kamfanin nan gaba.

Abu biyu kuma da ba sa cikin takardar sai ka tambaya. Na ɗaya, shin kamfani na da ikon ƙin amincewa da buƙatarka? In yana da shi, za ka iya bayyana cewa kana son tafiya, a ce a'a, ka ci gaba da zama an san zuciyarka na waje. Na biyu, me za a rubuta a matsayin dalilin barinka aiki? A ƙasashen da ke biyan tallafin rashin aiki, wanda aka rubuta ya yi murabus don kansa na iya rasa shi, don haka ka nemi a rubuta cewa an soke gurbin ne. Kafin ranar miƙa waya da kwamfuta, ka kwashe lambobin mutanenka na kanka, ka sanar da majiyoyin da ka yi wa alkawarin sirri cewa layin zai fita daga hannunka, amma kada ka kwafi takardun kamfani, domin wannan kaɗai na iya soke biyan gaba ɗaya.