Hukuncin Albashin Malamin da Ke Koyar da Zane da Bugun Hoto a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malami ne a sashen zane-zane na wata jami'a. Ina koyar da zanen hotunan cikin littattafai, da yadda ake sassaƙa zane a jikin katako, a shafa tawada, a danna a takarda. Wani abokina ya ce albashina haram ne tunda muna zana mutane da dabbobi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abokin naka yana da madogara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai yin hotuna ya tambayi Ibn Abbas game da sana'arsa, Ibn Abbas ya faɗa masa hadisin azabar masu yin sura, sannan ya ce masa in ba makawa, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Imam Nawawi a kan wannan ya tsaya: surar mai rai haram ce, tana da inuwa ko ba ta da ita.

Malaman Malikiyya kuwa sun rarrabe. Shehu Dardir, a sharhinsa na Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shehu Khalil, ya bayyana cewa haramcin yana kan surar mai rai, mai cikakkun gaɓoɓi, wadda take da inuwa, wato mutum-mutumi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango makaruhi ne, idan kuma a wurin da ake wulaƙanta shi yake, kamar shimfiɗar da ake takawa, barinsa dai ya fi. Daga hujjojinsu akwai hadisin Abu Ɗalha, wanda a cikinsa aka togace zanen jikin tufafi daga hanin sura. Ni wannan ra'ayi nake rinjayarwa, balle idan hoton na karantarwa ne, irin na littafin likitanci ko na yaran firamare.

Katakon da kuke sassaƙawa shi ne wurin da ke son natsuwa, domin sassaƙa tana da tudu da kwari. A ganina bai kai mutum-mutumi ba. Kayan aiki ne kamar hatimi, ba ya tsayawa da ƙafarsa, abin da ake nema daga gare shi kuma shimfiɗaɗɗen hoto ne. Sai dai a ajiye shi in an gama bugu, kada a rataye shi don ado.

Saboda haka albashinka halal ne. Abin da ba na ganin sassauci a kansa shi ne ajin da ake tsayar da mutum tsirara ɗalibai na zana shi, domin kallon al'aura haram ne ko da sunan karatu. Haka zana Annabawa, da abin da ake bautawa, da sassaƙa cikakken mutum-mutumi. Idan aka ɗora maka irin wannan darasi, ka nemi shugaban sashe ya musanya maka da wani, ko a suturta wanda za a zana.

Allah ne mafi sani.