Tambaya da Amsa: Wai da gaske Gandhi da zare ya kori Turawa daga Indiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, kullum muna musu da yaran shago. Wai ta yaya tsirarun Turawan Ingila suka mallaki ƙasa mai jama'a kamar Indiya? Sannan wani ya ce wai Gandhi da kaɗin zare ya kore su, ni dai ban yarda ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ai tambayar nan taka ce da gaske, don rabin labarin na yadi ne.

Mutanen nan da ciniki suka shigo. Kamfani ne, East India Company, aka ba shi lasisi a Ingila a 1600, suna sarar yadi da kayan yaji suna kaiwa gida, lokacin kuwa yadin audugar Bengal, wani yanki na gabashin Indiya, ba a magana, duniya rububinsa take. Ka ɗauka baƙo ne ya kama shago a layinku, yau ya nemi sito, gobe ya ɗauki masu gadi, kafin ka ankara masu gadin nan sun zama sojoji da igwa. A 1757 a Plassey, kwamandan kamfanin Robert Clive ya ci sarkin Bengal Sirajud Daula da yaƙi, kuma ba ƙarfi kaɗai ba ne, sun riga sun saye babban kwamandansa Mir Jafar, ranar yaƙin ya ja rundunarsa ya tsaya yana kallo. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zuwa 1765 kamfani ne ke karɓar harajin Bengal, da kuɗin Indiyawa yake biyan sojoji Indiyawa su ci masa sauran ƙasar, to ka ga amsar tambayarka ta farko kenan.

Sojojin nan su ne suka yi bore a 1857, bayan labari ya bazu cewa sabon harsashin da ake farke takardarsa da haƙori an shafe shi da kitsen saniya da na alade, ka ga an taɓa Hindu an taɓa Musulmi lokaci guda. An murƙushe su da mugun zubar da jini, aka kama sarki na ƙarshe na daular Mughal ta Musulmi, Bahadur Shah Zafar, dattijo, aka kai shi Rangoon can ya rasu. A 1858 gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga kamfani. A shekarar nan aka haifi Lugga a Madras, shi dai wannan da sojojinsa suka ci Kano a 1903.

Yanzu maganar zare. Abin da ya faru shi ne injinan Manchester sun fara saƙa da araha, sai a kwashi auduga ɗanya daga Indiya a dawo musu da ita yadi, masaƙan gida suka rasa aiki. Wallahi duk lokacin da na wuce ta Bompai ko Sharaɗa na ga masaƙun da suka rufe sai abin nan ya faɗo min, kai da kake Kwari ka fi ni sanin yadda dilar waje ke kashe ta gida.

Jam'iyyar Congress da aka kafa a Bombay a 1885 da farko ta 'yan boko ce da lauyoyi, rubuta koke kawai suke. Sai da Curzon, babban gwamnan Ingila a Indiya, ya raba Bengal biyu a 1905 talakawa suka shigo, aka fara tara yadin Ingila a titi ana cinna masa wuta. Ranar 13 ga Afrilu 1919 kuma Janar Dyer ya sa aka buɗe wuta kan taron jama'a marasa makami a Amritsar, cikin wani fili mai ƙunƙuntar ƙofa, su kansu Turawan sun amsa an kashe mutum 379, Indiyawa sun ce abin ya fi haka nesa. Daga nan mutane da yawa suka daina tsammanin adalci.

Gandhi abin da ya gane shi ne tsohuwa a ƙauye ba ta san majalisa ba amma ta san zare ta san gishiri. Ya ce kowa ya kaɗa zarensa ya sa saƙin gida, suna ce masa khadi. A 1930 ya yi tattakin kwana 24 zuwa bakin teku a Dandi ya ɗebi gishiri da hannunsa don karya dokar da ta hana talaka yin gishirinsa, aka kulle dubban mutane.

Don haka abokin musunka yana da rabin gaskiya, kai ma kana da rabi. Yaƙin duniya na biyu ya tsotse Ingila ta fito da bashi, ga boren 1942 na neman Turawa su bar Indiya, ga sojojin ruwa Indiyawa sun yi tawaye a Bombay a 1946. Kuma ba salin-alin aka rabu ba. Jam'iyyar Muslim League ƙarƙashin Jinnah ta dage sai Musulmi sun samu ƙasarsu, a Agustan 1947 aka tsaga ƙasar zuwa Indiya da Pakistan cikin gaggawa, miliyoyin mutane suka bar gidajen kakanninsu da ƙullin kaya a ka, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya, har jiragen ƙasa suna isa Lahore da Amritsar cike da gawarwaki.